Ranar da muka nemi mashaya a harabar coci

Shekarun baya, lokacin ina 'yar shekara goma sha biyar, akwai wata kalma da ba a faɗa a gidanmu. Kuma ku sani gidanmu ba gidan shiru ba ne, ni kaɗai na ishi unguwa guda. Yayana Rediyo yake ce mini, wai ko an ɗauke wuta ni ba na ɗaukewa. Amma wannan kalma ɗaya, giya, ko ni ban taɓa barin ta fito daga bakina a falonmu ba. Mahaifiyata "abin nan" take ce mata. Mahaifina ya ce "wannan hali". Idan ƙanwar Umma ta kira daga Kano sai ka ji a kan yayana ana tambayar "ya jikin nasa?", kai ka ce zazzaɓin cizon sauro yake yi.

Muna zaune a Bukit Jalil, hawa na goma sha bakwai. Mahaifina karatun digiri na uku ya kawo shi Kuala Lumpur, ya kwaso mu duka. Yayana ya girme ni da shekara bakwai, yana wata jami'a kusa da gida. Shi ne irin yayan da iyaye suke kwatance da shi idan za su yi wa nasu faɗa. Shi yake jan mu sallar asham a gida, shi yake yi mini lissafi yana dungure mini kai. Yadda aka yi ya fara sha ban sani ba, kuma ba zan ƙirƙira ba, duk da ƙirƙira sana'ata ce. Na dai san an fara da fita da abokai Bukit Bintang, unguwar shaƙatawar dare, aka wayi gari abokan sun gama karatu sun watse, shi abin bai sake shi ba.

Mahaifiyata ba ta zauna ba. Habbatus sauda, zuma, ruwan zamzam, tofi safe da yamma, har rubutu aka aiko daga Kano a jakar wani ɗalibi. Da za a matse yayana a lokacin, man habbatus sauda da zai fito ya isa a buɗe kanti. Shi kuma bai taɓa ƙin sha ba, zai karɓa da hannu biyu, ya yi kwana goma garau, wani lokacin sati uku, har mu fara dariya a gida. Sai kuma wata rana ya shigo yana kauce wa idon kowa, yana tauna cingam kamar an ba shi kwangila.

Wata Lahadi da hantsi masu gadin gininmu su biyu suka rako shi har ƙofa. A bakin wurin ninƙaya suka tsince shi kwance, takalmi ƙafa ɗaya. Mahaifina ya yi musu godiya, ya rufe ƙofa a hankali. Da ya yi tsawa da ya fi mana sauƙi. Bayan la'asar ya kira shi falo, ni kuma ina bakin aikina, wato bayan labule.

"Ƙarshen wata zan sa ka a jirgi," in ji Abba. "Ka koma wurin kawunka. Karatun ya tsaya."

"Abba, zango biyu ya rage mini."

"Na sani. Gara in rasa digiri da in rasa ɗa. Kuma ka san ƙasar da muke, Musulmi da wannan hali ba wasa ba ne a wurin hukuma. Ba ni wayarka. Ba ka fita ko'ina sai da ƙanwarka."

A ranar aka sauko da babban akwati daga saman kabad aka ajiye a lungun falo. Sati uku ya rage. Duk wanda zai shiga kicin sai ya kewaye akwatin nan, ba mai kallonsa.

Bayan kwana biyu ina zaune a baranda ina kwafar aikin gida daga littafin ƙawata, yayana ya zo ya tsaya a kaina.

"Rediyo, ara mini wayarki."

"Me za ka yi da ita?"

"Zan kira shugaban ƙasa. Ba ni."

Ya yi minti biyar yana dannawa yana gogewa, ya miƙo mini ya shige ɗaki. Ku da kuka san ni kun san abin da na yi. Na buɗe wurin bincike in ga me ya nema. Da Turanci ya rubuta "yadda mutum zai daina", ya tsaya nan. Ko a waya ya kasa rubuta sunan abin. Sai ni na ƙarasa masa.

A nan na fara sanin cewa akwai mutanen da suka sha fama da giya, suna haɗuwa duk mako su taimaki juna. Ba asibiti ba ne, ba kuɗin shiga, ba cika takarda, ko sunan mahaifinka ba a tambaya. Akwai jerin ranaku da lokuta da unguwanni. Wasu da Turanci ake yi, wasu da Tamil, wasu da Sinanci. Wasu na masu matsalar ne kawai, wasu kuma ana barin 'yan uwa su shiga su zauna. Na juya bayan littafin kimiyyata na zana layuka, aikin da ban taɓa yi wa kimiyyar kanta ba. Na soke duk na bayan magariba, don Abba ba zai bari ba. Na soke na yarukan da ba ma ji. Na soke masu nisan da sai an hau jirgi an hau bas an roƙi Allah. Guda ɗaya ya rage: Asabar, ƙarfe uku na rana, a Brickfields, a wani zauren baya na wani coci.

Na kai masa littafin. Ya karanta, ya ɗago.

"Coci. Auta, kina da hankali kuwa?"

"Ba cikin cocin ba ne, Yaya. Ɗakin baya ne, aro suke yi."

"Idan wani ya gan ni ina shiga fa?"

"Yaya, an riga an gan ka a bakin ruwa da takalmi ƙafa ɗaya."

Na ja baya, don na tabbata mari ne zai biyo. Sai ya yi dariya, irin wadda rabon da in ji ta an fi wata. Dariyar ta ƙare ya zauna a bakin gado yana kallon hannuwansa. Ya ce, "Za ki raka ni?" Na ce ai ko ba na so, doka ta ce sai da ni.

Hanyar fita ba ta yi wuya ba. Umma takan aike mu shagunan Indiyawa na Brickfields sayen kanumfari da masoro da citta, na kuwa tabbatar mata cewa duk sun kusa ƙarewa. Yadda aka yi suka kusa ƙarewa wannan tsakanina da kwandon shara ne, Allah ya yafe mini.

Ni a kaina taron mashaya ɗaki ne mai duhu cike da ƙarti masu jajayen idanu, wannan yana tangaɗi, wancan yana waƙa, ana jifa da kwalabe. Don haka na sa kambas saboda gudu, na ƙulla yaji a leda na jefa a jaka saboda ko-ta-kwana. Yayana kuma ya fito da hular hana-sallah, baƙin gilashi da takunkumi. Na ce masa, "Yaya, taro za mu ko banki za mu fasa?" Bai kula ni ba.

Muka hau jirgin ƙasa, muka sauya a tashar Masjid Jamek, muka sauka a tashar KL Sentral muka taka. Brickfields ranar Asabar kamar gidan biki take, ƙamshin turare da furanni, kiɗan Indiya daga kowane shago, rana tana dafa ƙeya. Ƙarfe uku saura kwata muka isa. Harabar cocin babba ce, da ƙananan gine-gine a baya, ƙofofi sun fi goma, kuma babu ko ɗaya da aka rubuta abin da muke nema. Daga baya na fahimci da gangan ne. A lokacin kuwa na ɗauka mugunta ce.

Muka fara zagaye muna neman mashaya. A bakin wata ƙofa mun ga mutane tsaye suna hira: wani dattijo Ba'indiye da farar riga mai guga da biro a aljihu, wata mata 'yar China da jakar ofis tana jera biskit a faranti, wani saurayi rungume da hular kwano, da wani Bature mai gajeren wando. Na ce, "Waɗannan malaman makaranta ne, mu wuce." Sau uku muna wuce su. A na uku dattijon har ya ɗaga mana hannu, ni ma na ɗaga masa, muka ƙara gaba.

Dole muka koma wurin mai gadi, wani tsoho a ɗan ɗaki da fanka da ƙaramar rediyo. Yayana ya tura ni gaba. Na yi masa gaisuwa irin ta gida da guntun Malay ɗina da Turanci, ya aiki, ya iyali, ya zafi, har ya fara duba bayana ko wasiƙa na kawo. Sannan na rage murya.

"Baba, muna neman taron marasa lafiya."

Ya nuna mana bene. Muka hau muka tarar da tsofaffi masu shanyewar ɓarin jiki zaune a kujeru suna ɗaga hannu sama ana ƙirga musu. Wata kaka ta matsa mini kujera. Muka ba da haƙuri muka sauko.

"Baba, ba wannan ba. Taron masu matsala."

"Matsalar gida?"

Na ce e, ai ba ƙarya na yi ba. Ya nuna ƙofa ta ƙarshe. Muka tura, sai ga ma'aurata biyu-biyu ana yi musu nasiha kan zaman aure. Malamar ta dubi yayana da takunkumi da baƙin gilashi, ta dube ni 'yar ƙarama cikin hijabi, na ga hannunta ya nufi waya. Ban san ina da gudu haka ba sai ranar. Kambas dai ya yi amfani.

Karo na uku na ce, "Baba, masu wani hali da suke so su bari."

Tsohon ya rage ƙarar rediyonsa. "Yarinya, kowa a harabar nan yana da halin da yake so ya bari. Ni ma ina da nawa. Ki faɗa mini sunan abin."

Na buɗe baki. Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba, ni da malamai suke roƙo in yi shiru, sai na ji harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. A gaban baƙo, ga yayana tsaye, in ce yayana mashayi ne? Ba a haka aka raine mu ba. Mu a wurinmu abin kunyar ɗan uwanka zani kake nema ka rufa masa, ko da kai za ka tsaya tsirara.

Uku ta wuce da minti goma. Yayana ya ce, "Mu tafi gida, Auta." Muka juya. Ina biye da shi ina jin hawaye suna taruwa, ina tunanin akwatin nan na lungun falo. Mun kai bakin babbar ƙofa, ƙafarsa ɗaya har ta taka titi, sai ya tsaya. Ban ce masa komai ba, wallahi, kuma wannan kaɗai ya isa a rubuta a tarihi. Ya daɗe tsaye motoci suna wucewa. Sai ya juya ya koma wurin mai gadin. Ya cire takunkumin, ya cire gilashin, ya cire hular, ya miƙo mini su duka.

"Baba," ya ce, "giya nake sha. Na kasa dainawa. Ina neman inda irina suke haɗuwa."

Na zaci ƙasa za ta tsage. Ba ta tsage ba. Tsohon ya kashe rediyon, ya miƙe, ya fito daga ɗakinsa ya dafa kafaɗar yayana.

"Tun zuwanku na farko na yi zato," ya ce. "Amma sun roƙe ni kada in taɓa nuna wa mutum ƙofar nan da zato. Sai ya nema da bakinsa. Zo."

Da kansa ya raka mu, har ƙofar malaman makarantar nan da na wuce sau uku.

Dattijo mai farar riga ne ya tare mu. Ya miƙa wa yayana hannu ya ce, "Mun ga kuna ta kai-kawo. Ni sati uku na yi ina zagaye harabar nan kafin in shigo, kai ka yi sauri." Ya tambayi sunansa na farko kawai. Ni kuma ya ce yau ranar da ake barin 'yan uwa ce, in zauna in ci biskit, amma duk abin da na ji a ɗakin a ɗakin zan bar shi. Na ga yayana ya kalle ni ta gefen ido.

Ɗakin ba komai a ciki sai kujerun roba da aka jera da'ira, da butar shayi, da fanka mai ƙara. Mutum goma sha ɗaya ne, ban da mu. Ba mumbari, ba mai wa'azi. Aka fara, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi sunansa, ya faɗi da bakinsa cewa shi mashayi ne, sannan ya ba da labarin makonsa. Matar nan mai jakar ofis ta faɗa. Baturen ya faɗa. Wani mutum mai tabon sallah a goshi, wanda da a masallaci na gan shi da na ce liman ne, shi ma ya faɗa. Dattijon ya ce rabonsa da sha tun kafin a haifi yayana, amma har yau da wannan sunan yake gabatar da kansa, don kada ya manta hanyar da ya biyo.

Kalmar da muka shekara biyu muna kewayewa a gida kamar rijiya marar murfi, ga mutane masu furfura suna ɗaukar ta da hannu suna ajiyewa a tsakiyar ɗaki, kuma ba wanda ya mutu. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne dariya. Mutum zai faɗi abin da mu a gida sai an rufe tagogi kafin a raɗa, sai ɗakin ya fashe da dariya, shi ma yana yi, irin dariyar "ni ma na yi wannan". Can kuma wani ya yi magana ɗakin ya yi tsit, ba mai katse shi, ba mai ce masa ai da ka yi kaza. Idan ya gama a yi masa godiya. Ban taɓa ganin inda mutum zai tona asirin kansa a ce masa an gode ba.

Me suka faɗa? Ba zan gaya muku ba. Shekara huɗu ke nan ina riƙe da labaran mutum goma sha ɗaya a cikina, ni, kuma ban fashe ba. Idan ana neman abin al'ajabi a wannan labari, a fara da wannan.

Da layi ya zo kan yayana aka ce ba dole ba ne, yana iya saurare kawai. Ya ce zai yi. Ya faɗi sunansa, ya faɗi abin da ya faɗa wa mai gadi, ya ƙara da cewa saura kwana goma sha biyar a mayar da shi gida. Bai iya ci gaba ba. Ba wanda ya yi masa alkawarin komai zai gyaru. Sun ce masa barka da zuwa, sun ce kada ya ɗauki nauyin har abada, ya riƙe yau kawai, gobe idan ta zo a yi maganarta. Da aka tashi dattijon ya rubuta masa lambar waya a 'yar takarda ya ce ya kira kafin ya sha, ba bayan ya sha ba. Mai tabon sallar kuma ya dube mu ya ce la'asar ta yi, akwai wurin sallah a tasha idan za mu bi shi.

Muna fitowa daga babbar ƙofa, yayana fuska a buɗe, ni riƙe da hular da gilashin, sai ga wata Hajiya ƙawar Umma a tsallaken titi da ledojin cefane. Idan ni rediyo ce, wannan baiwar Allah tauraron ɗan'adam ce. Ta dube mu, ta ɗaga kai ta dubi gicciyen da ke saman ginin, ta sake duban mu. Ko gaisuwarmu ba ta amsa da kyau ba, hannunta yana cikin jaka yana laluben waya. Kafin mu sauya jirgi a Masjid Jamek na tabbata labarin ya je Kano, ya biya Jidda, ya dawo Bukit Jalil yana jiran mu. Kanumfarin ma mun manta ba mu saya ba.

Mun tarar da Umma idanu jawur, Abba zaune hannu a kan gwiwa.

"Daga ina?"

Na shaƙi iska na fara, "Abba, wato shagon ne muka tarar a rufe, sai wani mutum ya ce..."

"Bari, Auta," in ji yayana. Ya durƙusa a gaban Abba. "Abba, ni mashayin giya ne. Na yi ta ƙoƙari ni kaɗai na kasa. Akwai masu irin matsalata da suke haɗuwa a wani ɗaki a bayan cocin, can muka je."

Umma ta rufe baki da mayafi tana salati a hankali. A falonmu, a gaban Abba, ƙiri-ƙiri. Na kalli Abba ina jiran abin da zai faɗo. Shi kuwa sai ya shiga tambaya kamar yana gaban ɗalibi.

"Sun ce ka yi ibadarsu?"

"A'a. Har da Musulmi a ciki, tare muka yi la'asar."

"Wa ke shugabanta?"

"Ba shugaba, Abba. Duk irina ne, sai dai wasu sun daɗe da bari."

"Me suka ba ka?"

"Shayi da biskit."

"Me suka ce ka yi?"

"In dawo Asabar."

Abba ya tashi ya shiga ɗaki. Bai ce a je ba, bai ce kada a je ba, bai ce komai kan jirgi ba. Satin nan akwatin yana nan a lungunsa. Wayar Umma kuwa ba ta huta ba, kowa yana kira ya "gaishe ta". Wata har cewa ta yi ta ji an ce an yi mana wanka an canza mana suna. Na so in karɓi wayar in ce mata sabon sunan nawa ya fi nata daɗi, Umma ta harare ni.

Ranar Asabar ƙarfe biyu saura, Abba ya fito daga ɗaki cikin babbar rigarsa ta Idi, da hula zanna, yana ƙamshin turare. A zafin Kuala Lumpur. Ya ce, "Ku tashi, kada ya makara."

Har harabar ya shiga da mu. Ya gaisa da mai gadi, ya leƙa ɗakin, ya ga kujerun roba da butar shayi, ya yi musabaha da dattijon, suka ɗan yi magana su biyu. Ya dafa kan yayana ya ce, "Shiga, Allah ya taimake ka." Sannan ya kama hannuna muka tsallaka titi zuwa wani mamak, irin shagunan abincin nan na Indiyawa Musulmi, daidai ƙofar cocin. Akwai tebura a ciki wurin sanyi. Abba ya zaɓi na waje, na bakin hanya, wanda duk ɗan Najeriya da ya zo cefanen Asabar sai ya wuce ta gabansa. Ya ce a kawo masa shayi, ya baza babbar riga.

"Abba, mu koma ciki mana, za a gan mu."

"Don a gan mu na zauna. Duk mai son sanin abin da ɗana yake yi a can, ga ubansa nan, ya zo ya tambaya."

Ba a yi minti ashirin ba sai ga wani abokin karatunsa da iyalinsa. Suka gaisa, mutumin yana ta satar kallon ƙofar cocin, yana "Malam, lafiya dai a nan?" Abba ya ajiye kofi.

"Lafiya lau. Babban ɗana ne a ciki. Giya ta kama shi, yana neman hanyar rabuwa da ita, kuma akwai bayin Allah a can da suke taimaka masa. Ku sa shi a addu'a."

Mutumin ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce Allah ya ba shi lafiya, Abba ya ce amin. Kafin a tashi taron mutum uku suka ji wannan magana daga bakin Abba, kalma ɗaya bai canza ba. Ni ina gefe, roti, irin burodin nan nasu, ya huce a gabana ban taɓa ba, ina kallon Abba, mutumin nan da ko tari ba ya so a ji ya yi a bainar jama'a, gumi yana bin wuyan rigarsa, ya zauna daram yana karɓar kunyar ɗansa a ƙirjinsa. A sati biyu wayar Umma ta yi shiru. Tsegumi ba ya daɗi idan mai abin ya riga ka faɗa.

Ƙarshen wata ya zo ya wuce. Abba bai taɓa cewa ya fasa ba. Wata rana dai ya ce mana akwatin nan yana tare hanya, a mayar da shi sama.

Ba zan ce muku daga ranar komai ya miƙe ba. A shekarar farko yayana ya zame sau biyu, kuma duka biyun ya koma ɗakin nan ya faɗa da bakinsa, suka sake ce masa barka da zuwa. Umma ba ta daina tofi ba, shi ma bai daina zuwa Asabar ba, kuma ni a ganina addu'arta ce ta kai mu ƙofar. Ya gama karatunsa, yana aiki yanzu, kuma da izininsa na rubuta wannan.

Idan akwai mai irin wannan a gidanku, ku bincika, irin waɗannan tarukan suna nan a birane da yawa, kuma ƙila wurin da ake yi ba zai yi muku daɗin shiga ba. Mu ma bai yi mana ba. Na taso ina jin ana roƙon Allah ya rufa asiri, na ɗauka ma'anarsa kada kowa ya sani. Shekara biyu muna rufawa, yayana yana nutsewa a ƙarƙashin rufin. Har yanzu ina yin addu'ar, amma idan na yi ta, abin da nake gani a raina shi ne mahaifina a bakin titin Brickfields cikin babbar riga, ya juya fuskarsa ga duk mai wucewa, don ɗansa ya samu ya zauna a bayansa sa'a ɗaya ya warke.